Fita tsirara a bainar jama'a: akwai kotun da za ta kira shi 'yanci?

Ɗalibin Lauya: Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga manyanmu na wannan zaure, kuma don Allah kada a mai da ita wasa. A ce mutum da hankalinsa, bai sha komai ba, ya tuɓe tik ya biyo titin Ahmadu Bello a Kaduna daga shataletalen Leventis ya nufi Kasuwar Gumi. 'Yan sanda suka yi ram da shi. Lauyansa ya je kotu ya ce jikinsa ne, kuma kundin tsarin mulki na 1999 ya ba shi 'yancin sirri a sashe na 37, 'yancin tunani da aƙida a na 38, da 'yancin bayyana ra'ayi a na 39. Wannan hujja tana da ƙafar tsayuwa?

Ɗan Kakuri: Kafin 'yan sanda su iso ai 'yan kasuwa sun gama yanke hukunci.

Baristan Kawo: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, ka karanta 37 zuwa 39 ka tsaya, ba ka ƙarasa 45 ba, alhali can maganar take. Sashe na 45(1) ya ce babu abin da ke cikin sassa na 37, 38, 39, 40 da 41 da zai soke dokar da hankali zai karɓa a ƙasar dimokuraɗiyya, muddin an yi ta don tsaron ƙasa, lafiyar jama'a, zaman lafiya, ɗa'ar jama'a, ko don kare haƙƙin wasu. Duk sassan ukun da ka kawo suna cikin wannan jeri, kuma ɗa'ar jama'a an ambace ta da sunanta. Lauyan gwamnati ba sai ya yi gumi ba.

Mu bi su ɗaya ɗaya ma. Na 37 sirrin mutum yake karewa, da gidansa, da wasiƙunsa, da wayarsa. Wanda ya fito da jikinsa tsakiyar kasuwa shi da kansa ya yaye labulen, ba sauran sirrin da zai ce an keta. Na 38 yana buƙatar ka nuna aƙida ko addinin da ya ɗora maka hakan. Na 39 ne kawai ke da ɗan abin kamawa, don ana iya isar da saƙo ba da baki ba. Amma shi ma yana zuwa 45 zai ci birki.

Yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka, wadda Najeriya ta mayar doka a cikin gida tun 1983, ita ma sashenta na 27(2) ya ce kowa zai yi amfani da 'yancinsa ne da la'akari da haƙƙin wasu, da tsaron kowa, da ɗa'a. Ba mafita ta can.

Hajiya Lauya: Na yarda da inda Barista ya sauka, amma ya yi saurin rufe ƙofa. Tambayoyi biyu ne a nan, mutane suna cakuɗa su. Ta farko, tsiraici 'yanci ne? Ta biyu, laifi ne? Amsar ta farko "a'a" ba ita ke mai da ta biyu "e" ba. Sashe na 36(12) na tsarin mulki ya ce ba a hukunta mutum sai an bayyana laifin a rubutacciyar doka, an kuma faɗi hukuncinsa. Tun shari'ar Aoko da Fagbemi ta 1961 aka san wannan: an kama mace da laifin zina a kotun gargajiya ta Kudu, babbar kotu ta soke hukuncin saboda babu rubutacciyar dokar da ta sa zina cikin laifuka a can. Abu yana iya zama abin ƙyama wurin kowa, amma sai ka nuna wa alƙali sashe.

Baba Alƙali: Hajiya ta taɓo inda ake faɗuwa. Bari in kawo sassan.

Tsohuwar dokar final kot, wato kundin laifuka na Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, aka ɗauko tsarinta daga ta Sudan, ita kuma daga ta Indiya, sashenta na 200 ya yi magana kan wanda ya aikata abin batsa ko rashin ɗa'a a wurin jama'a har ya dami wasu. Hukunci ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 2, ko tara, ko duka biyun. A Kudu, sashe na 231 na dokar laifukansu ya ce kusan haka, shi ma shekara 2. Ku lura babu inda aka ce "tsirara". Rashin ɗa'a aka ce, kotu ce za ta auna ko abin da ya faru ya shiga ciki.

Kaduna ta yi sabuwar final kot ɗinta a 2017, lambobin sassa sun canza. Mai gabatar da ƙara da ya kwafo lamba daga tsohuwar ya jefa kansa cikin gyaran takardar tuhuma tun ranar farko.

Abu uku ake nema a tabbatar. Aikin kansa, cewa wurin na jama'a ne, da cewa ya dami wani. Na ukun ne ke kashe shari'a. Ɗan sandan da ya yi kamu zai zo ya ce "na same shi tsirara", shi ke nan. Ina wanda abin ya dama? Mai shagon da ya yi ihu ranar ba zai bar shagonsa ya yini a kotun majistare ba, an ɗage sau uku ya daina ɗaukar waya. Lauyan wanda ake tuhuma sai ya miƙe ya ce babu tuhumar da za a amsa, kuma da gaskiyarsa. Na biyun ma yana da rikici: mutumin da ke wanka a tsakar gidansa, katanga ta faɗi da damina, masu wucewa suna hango shi, ba a wurin jama'a yake ba.

Ɗalibin Lauya: Ranka ya daɗe, dokar hana cin zarafi ta 2015 fa? Na ga kamar ta ambaci nuna al'aura kai tsaye.

Baba Alƙali: Ta ambata, a sashe na 26. Amma ita niyya take nema: ka nuna al'aurarka da nufin tayar wa wani hankali ko jan shi ga laifi. Ta tarayyar a Abuja take aiki, Kaduna ta yi tata a 2018. An yi wannan sashe ne don irin mutumin da ke tare 'yan makaranta a lungu yana buɗe musu wando. Wanda ya tsuguna fitsari a gindin katanga aka hango shi bai shiga ciki ba, nasa batun na duba-gari ne.

Malamin Tudun Wada: Allah ya saka wa Baba Alƙali. Ta ɓangarenmu maganar a bayyane take. Suratul A'araf aya ta 26 ta ambaci tufafi a matsayin ni'imar da aka saukar don rufe tsiraici. Larabawan jahiliyya wasunsu suna ɗawafi tsirara, suna ganin ibada ce, har aka yi shela a hajjin shekara ta 9 bayan hijira cewa daga bana mai tsiraici ba zai ƙara ɗawafi ba. Ka ga ko hujjar "addinina ne" an taɓa kawo ta, aka rufe.

Amma akwai abin da matasa masu zafin kai ba su sani ba. Babu haddi a kan tsiraici. Ta'aziri ne, alƙali ke aunawa. Kuma Malikiyya sun raba al'aura gida biyu, mai kauri da mai sauƙi. Ta namiji tsakanin cibiya da gwiwa take, amma wanda cinyarsa ta bayyana ba ɗaya yake da wanda ya fito zigidir ba. Leburan da ya tuɓe riga yana sauke siminti bai taɓa al'aura ba sam.

Hajiya Lauya: Allah gafarta Malam, ƙari ɗaya. Ko ta'azirin, a kotun shari'a ta jiha sai an same shi a rubuce, saboda 36(12) bai ware kowace kotu ba. Shi ya sa jihohin da suka ƙaddamar da shari'a suka zauna suka rubuta kundin laifuka. Sannan a Kaduna kotunan shari'a Musulmi suke yi wa hukunci, ga kotunan gargajiya, ga majistare. Dokar da za ta hau kowa daga Rigasa har Sabon Tasha sai ta fito daga majalisar jiha ta kuma tsallake 45.

Ɗan Kakuri: To Turawa fa? Ba ance can kowa yana yawo yadda uwarsa ta haife shi ba, kuma kotu ta ɗaure masa gindi?

Baristan Kawo: Ji-ta-ji-ta ce. Wanda ya fi kowa gwada wannan hanya wani tsohon sojan Birtaniya ne, Stephen Gough, da ya taka daga kudancin Ingila har ƙarshen arewacin Sikotilan ba komai a jikinsa sai takalmi da jaka. An yi ta kama shi ana saki, yana fita ƙofar kurkuku tsirara a sake kama shi, har jimillar zamansa ta haura shekara 7. Ya kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai. A Oktoba 2014 kotun ta yarda cewa tsiraicinsa hanya ce ta bayyana ra'ayi, amma ta ce ƙasa tana da ikon hana shi, ba a tauye masa komai ba. Ya ci rabin farko, ya faɗi a na biyu, daidai inda namu zai faɗi a 45.

Amurka ma haka. A shari'ar Barnes ta 1991, masu rawa a gidajen dare na jihar Indiyana suka ce dokar da ta tilasta musu saka ɗan abin rufe jiki ta tauye musu 'yancin magana. Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar, alƙalai 5 suka rinjayi 4. A 2000 ta sake tabbatar da irinta a shari'ar birnin Erie. Birnin San Faransisko da ake ganin ba ruwansa, majalisarsa ta hana tsiraici a tituna a 2012.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne wasu ƙasashen ba su sa shi cikin manyan laifuka ba. A Ingila dokar laifukan jima'i ta 2003 sai an nuna ka yi nufin firgita wani ko tayar masa da hankali. Sifaniya ta cire shi daga kundin laifukanta, amma birnin Basalona ya yi tasa dokar hanawa a 2011. Jamus suna da bakin ruwa da wuraren shan iska da aka saba da hakan. Wannan duk ƙyalewa ce, gobe majalisa tana iya janyewa. 'Yancin tsarin mulki shi ne wanda majalisa ba ta isa ta janye ba.

Hajiya Lauya: Inda aka ci nasara a can ta wata ƙofa aka shiga, ƙofar bambanci tsakanin mace da namiji. A jihar Ontariyo ta Kanada, 1996, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke wata mata da ta fita ba riga a ranar zafi, ta ce abin da ta yi bai kai rashin ɗa'a ba. A Niyok ma an yi makamancin haka a 1992. Ƙirji ake magana, ba tsiraici gaba ɗaya ba. Na kawo shi ne saboda namu sashe na 42, mai hana nuna bambanci, ba ya cikin jerin da 45 ya ambata. Dokar da za ta ce mata kaɗai za a auna wa siket, ta nan za a kama ta.

An ma gwada. A 2008 Sanata Eme Ufot Ekaette ta kai ƙudurin hana tsiraici majalisar dattawa, har da awon inci nawa daga kafaɗa, bai zama doka ba. Yuganda ta yi tata a 2014, wadda jama'a suka laƙaba wa dokar ɗan guntun siket, matasa suka fara tuɓe mata a titi da sunan aiwatar da ita, kotun tsarin mulkinsu ta soke ta a 2021 saboda ba a fayyace abin da aka haramta ba.

'Yar Zonkwa: Ina karantawa tun ɗazu, kuma duk kuna maganar mutum ɗaya mai son burgewa. Akwai tsiraicin da ba na sha'awa ba ne, na kuka ne. A Yuli 2020 mata a Zangon Kataf sun fito, wasu ba riga, wasu da ganye, kan kashe-kashen da ake yi a yankin. A al'adun da yawa idan uwa ta tuɓe a gabanka, baki ta yi maka, ta kai inda magana ta ƙare. Matan Escravos a yankin Neja Delta sun yi barazanar haka ga kamfanin mai a 2002 har aka zauna da su. A Nairobi, 1992, iyayen fursunonin siyasa sun tuɓe a dandalin Uhuru lokacin da 'yan sanda suka far musu. Wane majistare ne zai kalli tsohuwar da aka kashe wa ɗa ya ce ta yi batsa?

Baba Alƙali: 'Yata, kin kawo mafi wuyar misali. A ganina nan ne kaɗai 39 da 40 (na 'yancin taro) za su yi nauyi, don saƙon a fili yake kuma na siyasa ne, sannan tun shari'ar Sufeto Janar na 'yan sanda da jam'iyyar ANPP a 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba a buƙatar izinin 'yan sanda kafin zanga-zanga. Amma ki lura da yadda kotu za ta bi. Ba za ta ce akwai 'yancin tsiraici ba. Za ta ce wannan aiki, a wannan wuri, da wannan nufi, bai zama batsa ba. Ta sallami tsohuwar, dokar tana nan daram.

Malamin Tudun Wada: Ni dai ban ga halaccinsa ba ko don zanga-zanga, amma na fahimci bambancin hukunta mai baƙin ciki da hukunta ɗan iska.

'Yar Zonkwa: Malam, ban ce a halatta ba. Cewa na yi kalmar "rashin ɗa'a" ba ta da ma'auni ɗaya ko a cikin Najeriya. Mutanen Koma na duwatsun Adamawa da ganye aka san matansu. Ɗan dambe da ɗan kokawa da ɗan bante suke shiga fage, manya suna zaune suna kallo. Mai goyo tana shayarwa a cikin motar haya ba wanda ya ɗaga kai. Yara suna wanka a bakin kogin Kaduna. Wanda zai rubuta doka ya ce "duk wanda ya bayyana kaza", sai ya kama waɗannan duka.

Dakta: Ku bar ni in sauko da ku ƙasa. Mafi yawan wanda za ka gani tsirara a titi ba ɗan gwagwarmaya ba ne. Ko ciwon ƙwaƙwalwa ne ya tashi, ko ƙwaya, ko ruɗewar da ke biyo bayan farfaɗiya, ko zazzaɓi mai zafi ya taɓa kai, ko tsufa ya ci tunani. Abin yi: a samu zane ko babbar riga a yafa masa daga gefe, ba ta baya ba, don wanda ke cikin ruɗu yana ɗaukar taɓawa ta baya a matsayin hari. Mutum ɗaya ya yi magana, a hankali, sauran su ja baya. A kori yara masu waƙa da jifa. Kada a ɗaure shi da igiya a rana, kada a danne shi rub-da-ciki, numfashi ke ɗaukewa a haka. Idan jikinsa ya yi zafi rau ko yana gumi yana karkarwa, asibiti mafi kusa za a fara kai shi, don ƙarancin sukari a jini ma yana kawo wannan. In ba haka ba, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Barnawa. Kuma a ajiye waya. Mutumin zai warke, bidiyon ba zai goge ba.

Baristan Kawo: Doka tana tare da Dakta. Tsohuwar final kot a sashe na 51 ta ɗauke laifi daga wanda taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake yi. Sashe na 35(1)(e) na tsarin mulki ya yarda a tsare irinsa ne don kulawa da magani ko kare al'umma. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu 2023 ta maye gurbin tsohuwar ta 1958.

Hajiya Lauya: Ga kuma 'yancin da ya danganci tsiraici wanda yake rubuce a kundin, ba wanda ya tambaya a kai: kada a tuɓe ka. Sashe na 34 ya hana azabtarwa da wulaƙanci, kuma 45(1) bai taɓa shi ba, ba a jingine shi don ɗa'ar jama'a. Wanda ake zargi da satar waya a tasha aka yi masa tumɓur, yarinyar da 'yan unguwa suka yaga wa kaya wai shigarta ba ta yi musu ba, wanda aka tsare aka bar shi da gajeren wando ana ɗaukarsa hoto, su ne ke da ƙara mai ƙarfi. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta ambaci tuɓe mutum da zagayawa da shi a bainar jama'a, hukuncinta yana kaiwa shekara 25.

Hanyar ba ta da tsawo a takarda. Sashe na 46 ya ba ka babbar kotu. Ƙa'idojin shigar da ƙarar haƙƙin ɗan Adam na 2009 sun cire neman izini kafin shigar da ƙara, sun cire wa'adi, kuma wani yana iya shigarwa a madadinka. Takardar buƙata, bayanin haƙƙin da aka taɓa, takardar rantsuwa, da rubutacciyar hujja. Wanda ake ƙara yana da kwana 5 ya amsa. Abin da ke ɓata irin wannan ƙara shi ne takardar rantsuwar da ba ta faɗi rana, wuri da wanda ya yi ba, da kuma lauyan da ya cusa batun bashi ko fili a ciki har alƙali ya ce ba ƙarar haƙƙi ba ce.

Ɗan Kakuri: Wannan ya tuna min da rusau ɗin Sabon Tasha.

Baristan Kawo: Ƙarshen Disamba 2020, bayan wata talla ta casun batsa ta zagaya intanet. Gwamnatin jiha ta rushe wani gidan abinci, da farko an danganta rusau ɗin da tallar, daga baya hukuma ta ce batun izinin gini ne. Ka ga dalilin sauya bakin: ɗa'ar jama'a tana halatta yin doka, ba ta halatta hukunci ba tare da an saurari mutum ba. Sashe na 36 kenan.

Ɗalibin Lauya: To a ce wata rana masu wannan ra'ayi sun yi yawa, suna so a rubuta shi ƙarara a kundin?

Baba Alƙali: Sai su karanta sashe na 9. Gyaran babi na huɗu, babin haƙƙoƙin ɗan Adam, ya fi sauran tsada: kashi huɗu cikin biyar na dukkan 'yan kowace majalisa, wato sanatoci 88 cikin 109 da wakilai 288 cikin 360, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince. Jihohin Arewa 19 ne, idan 13 kawai suka ƙi magana ta mutu. Kuma kada ka ɗauka Kudu za ta ɗaga hannu, limaman coci za su riga malamai fitowa.

Abin da Kotun Ƙoli ta taɓa karewa a batun sutura ta ɗaya ɓangaren ne. A Yuni 2022, alƙalai 5 cikin 7 suka tabbatar wa ɗalibai mata na makarantun gwamnatin Legas 'yancin sa hijabi ƙarƙashin sashe na 38, don sun nuna addini sananne ya umarce su kuma ba wanda ya cutu. Mai son fita tsirara ba shi da ko ɗaya cikin biyun.

Ɗalibin Lauya: Saura ɗaya, Baba. Idan mutumin namu na titin Ahmadu Bello ya dage cewa a haka zai bayyana gaban alƙali, tunda abin da yake karewa ke nan?

Baba Alƙali: Za a kawo shi cikin kwana ɗaya, tunda akwai kotu a ƙasa da kilomita 40, kamar yadda 35(5) ya ce. Alƙali zai sa a ba shi riga da wando. In ya ƙi, za a fara tura shi likita ya duba ko zai iya fuskantar shari'a. In likita ya ce garau yake, ya kuma sake ƙi, ya zama raina kotu, laifi na daban da hukuncinsa na daban. Wani kaso na shekarun da Gough ya kwashe a kurkukun Sikotilan ta wannan hanya ya same su.